Daidaita Folda ta Fuska Ɗaya a Manhajar Sarrafa Fayiloli: Tambayoyi da Amsoshi

An tattara a nan tambayoyin da masu aiki da kwamfuta suka fi yi game da daidaita folda ta fuska ɗaya. A duk cikin amsoshin, "tushe" shi ne foldar da ake ɗebo fayiloli daga cikinta, "masauki" kuma shi ne foldar da ake kai su, ko tana kan filash, ko faifan ajiya na waje, ko wata kwamfuta ta ofis.

Mene ne daidaitawa ta fuska ɗaya, kuma da me ta bambanta da kwafa ta yau da kullum?

Wanda ya kwafi folda da hannu ya kai ta filash, kwamfuta za ta ɗauki duk abin da ke ciki, ko da kashi casa'in cikin ɗari na fayilolin suna can tun makon jiya, sannan ta dame shi da tambayar ko ta maye gurbin wannan ko ta bar wancan. Daidaitawa kuwa tana farawa ne da kwatanci. Manhaja za ta jera abin da ke tushe da abin da ke masauki, ta ware sababbin fayiloli, da waɗanda aka gyara, da waɗanda ba su canza ba, da kuma waɗanda ke masauki alhali babu su a tushe, sai ta yi aiki a kan abin da ya bambanta kawai. Ana ce mata ta fuska ɗaya saboda umarni daga tushe yake fitowa, masauki bin sa kawai yake yi. Duk abin da ya faru a masauki, gyara ne ko ƙari ko gogewa, ba ya komawa tushe.

To ita ta fuska biyu fa?

A can folda biyun matsayinsu ɗaya: abin da aka gyara a nan zai tafi can, abin da aka gyara a can zai zo nan. Haka Google Drive da OneDrive da Dropbox suke aiki a kan kwamfuta idan ba a sauya musu tsari ba. Tana da amfani ga mai aiki a kan na'ura biyu, amma tana zuwa da nata rikicin, domin idan aka gyara fayil ɗaya a wuri biyu kafin a daidaita, dole wani ya zauna ya raba gardama. Ta fuska ɗaya ba ta san wannan gardama ba, tun da an riga an faɗi wanda ke da gaskiya.

Shin daidaitawa ta fuska ɗaya tana goge fayiloli a masauki?

Ya danganta da salon da aka zaɓa, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya san amsarta kafin ya latsa komai. Salo biyu ne ake kira da wannan suna, mutane da yawa kuma ba su rarrabe su.

Na farko shi ne salon madubi. Burinsa masauki ya zama tamkar tushe ba ragi ba ƙari, saboda haka duk fayil da ke masauki wanda babu shi a tushe za a goge shi, ko da kuwa shi ne kwafi ɗaya tilo da ya rage a duniya. A manhajar FreeFileSync sunan wannan salo Mirror. A Total Commander da Double Commander, ana samun sa ne idan aka sa alama a kan zaɓin Asymmetric a tagar daidaita folda, inda ake ɗaukar ɓangaren hagu a matsayin tushe, na dama a matsayin masauki. Masu aiki da umarnin rubutu suna samun sa da `robocopy /MIR` a Windows, ko `rsync --delete` a Linux da macOS, ko `rclone sync` ga rumbunan intanet.

Na biyu salon ƙari ne, wanda ke kai sababbin fayiloli da gyararru amma ba ya goge komai. FreeFileSync na kiran sa Update, rclone kuma `copy`, haka ma rsync yake yi idan ba a ƙara masa `--delete` ba. Aibinsa shi ne masauki yana kumbura a hankali da tarkacen da aka daɗe da zubarwa a tushe. A ganina wannan aibi mai sauƙi ne, kuma duk wanda bai saba da aikin ba ya fara da salon ƙari har sai idonsa ya saba da karanta jerin kwatanci. Cikar faifai ana maganin ta da sayen wani, ko da zama a share da hannu. Fayil da madubi ya goge daga filash ba a faye samun sa cikin sauƙi ba.

Manhajar fayiloli da ta zo da kwamfutata za ta iya wannan aiki?

File Explorer na Windows da Finder na macOS ba su da tagar kwatanta folda biyu da daidaita su. Explorer yana haɗe folda biyu masu suna ɗaya idan an kwafa, amma ba ya goge abin da ya yi saura a masauki, kuma ba ya nuna cikakken jerin bambanci kafin ya fara. Finder yana da wani hali da ya kamata a kiyaye: idan aka ja folda aka ɗora a inda akwai mai irin sunanta, aka zaɓi maye gurbi, tsohuwar foldar ce ke tafiya gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta.

Manhajojin da suka ƙware a wannan fanni su ne masu taga biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Fitacciya a cikinsu ita ce Total Commander, wadda Christian Ghisler na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1993 da sunan Windows Commander, kafin a sauya mata suna a 2002. Double Commander kyauta ce, tana bin irin wannan tsari, kuma tana aiki a Windows da Linux da macOS. Masu Linux suna da Krusader. FreeFileSync ba manhajar sarrafa fayiloli ba ce cikakkiya, daidaitawa ce kaɗai sana'arta, shi ya sa ta fi sauran yawan zaɓuɓɓukan kariya. Robocopy yana cikin Windows tun daga Vista, ba sai an sauko da shi ba. Shi kuwa rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, har yau shi ne abin dogaron masu kula da manyan kwamfutocin ajiya.

Ta yaya manhaja take gane cewa fayil ya canza?

Hanyar da aka fi bi ita ce duba abu biyu: girman fayil da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe. Idan duka biyun sun yi daidai a tushe da masauki, sai a ɗauka fayil ɗaya ne, a wuce. Wannan hanya tana da sauri ƙwarai domin ba a buɗe fayil ɗin kansa, bayanan da ke jikin sunansa kawai ake karantawa, don haka dubban fayiloli kan kammala cikin ɗan lokaci.

Hanya ta biyu ita ce kwatanta abin da ke ciki, bayit da bayit, ko ta hanyar lissafa wani hatimi na kowane fayil a kwatanta hatiman. Ita ce mafi tabbas, kuma ita kaɗai ke kama fayil da ya lalace a kan faifai alhali girmansa da kwanan watansa ba su motsa ba. Sai dai dole a karanta duk abin da ke ɓangarorin biyu, wanda a kan folda mai gigabait ɗari na iya cin sa'o'i. Abin da ya dace shi ne a riƙa amfani da hanya ta farko a aikin kullum, a ware rana ɗaya a wata ko a 'yan watanni a bi ta biyu, musamman idan masaukin tsohon filash ne.

Ban taɓa fayilolin ba, amma manhaja tana cewa duk sun bambanta. Me ya jawo haka?

Kusan koyaushe matsalar agogo ce, kuma asalinta yana cikin yadda kowane tsarin faifai yake rubuta lokaci. Faifan Windows na yau yana kan tsarin NTFS, wanda ke ajiye lokaci da agogon duniya na UTC, kuma da ƙididdiga mai tsananin ƙanƙanta. Filash da ƙananan katunan memori da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, shi kuma yana ajiye lokacin gyara ne da tazarar daƙiƙa biyu-biyu. Fayil da aka adana a daƙiƙa ta 31 a kan kwamfuta ba zai iya zama da wannan lamba a filash ba, dole a matsar da shi zuwa lamba mai rabuwa biyu. Manhajar da ba ta san da wannan ba sai ta ga bambancin daƙiƙa ɗaya, ta yanke hukuncin cewa fayil ya canza. Maganinsa shi ne a ba ta sassauci: FreeFileSync yana zuwa da sassaucin daƙiƙa biyu tun asali, Robocopy yana da `/FFT`, rsync kuma `--modify-window`.

Akwai ta biyu da ta fi wannan rikitarwa. FAT32 ba ya rubuta yankin lokaci, agogon bango na wurin da aka yi rubutun kawai yake ajiyewa. A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya daidaita takardunsa zuwa filash a Kano, ya tafi Kumasi, ya mayar da agogon kwamfutarsa zuwa na Ghana, wanda ke bayan na Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya. Fayilolin da ke kan faifan kwamfutar duk za su nuna sun ja baya da sa'a guda, na kan filash kuma suna nan yadda suke, sai jerin kwatanci ya cika da bambanci daga sama har ƙasa ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Mazauna Ingila ko Amurka suna gamuwa da wannan sau biyu a shekara ko ba su yi tafiya ba, saboda sauya agogon bazara da ake yi a can, abin da ba a yi a Najeriya da Nijar. Manhajoji da yawa suna da zaɓin yin watsi da bambancin cikakkiyar sa'a, kamar `/DST` a Robocopy. Wanda ya gaji da wannan sai ya mayar da faifan masaukin kan tsarin NTFS, ko exFAT wanda aka tanadar masa gurbin rubuta yankin lokaci, bayan ya kwashe abin da ke kai, domin sauya tsari yana share faifai.

Kada a manta da mafi sauƙin dalili: kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana farkawa da kwanan wata na shekarun baya, kuma duk fayil da aka adana a wannan hali zai ɗauki tsohon kwanan wata ko da yau aka rubuta shi.

Na gyara takarda a kan filash a wata kwamfuta, na dawo gida na daidaita. Ina gyaran ya tafi?

Idan salon madubi ne, tsohon kwafin da ke tushe ya hau kan sabon. Madubi ba ya tambayar wanne ya fi sabunta, abin da ya sani shi ne masauki ya saɓa wa tushe, dole a gyara shi. Robocopy da rsync ma haka suke yi sai an hana su, na farko da `/XO`, na biyu da `--update`. Duk foldar da aka naɗa masauki, a ɗauke ta wurin ajiya kawai, ba wurin aiki ba. Wanda aikinsa ya tilasta masa gyara a wurare biyu, ta fuska biyu yake bukata.

Idan ina daidaitawa kullum zuwa faifan waje, ke nan ina da ajiyar ko-ta-kwana?

Rabin ta kawai. Madubi yana kare mutum daga abu ɗaya, wato mutuwa ko sata ko ɓatan faifan tushe. Ba ya kare shi daga kuskuren hannunsa, domin biyayyar da ta sa madubi yake da amfani ita ce kuma ke sa ya kwafi ɓarna da aminci irin wanda yake kwafar gyara. Ɗalibin da ya share babi na uku na kundin digirinsa bisa kuskure ranar Litinin, ya adana, ya daidaita da dare, bai lura ba sai Alhamis, zai buɗe faifan waje ya tarar da babin babu shi a can ma. Haka idan fayil ya lalace, ko kwamfuta ta kamu da muguwar manhajar nan mai garkuwa da fayiloli, irin WannaCry da ta addabi ƙasashe da dama a watan Mayun 2017: fayilolin da aka kulle suna fitowa a matsayin sababbi ko gyararru, lafiyayyun kuma sun ɓace daga tushe, sai madubi ya kai kullallun ya share masu lafiya.

Abin da ke mayar da daidaitawa ajiya ta gaskiya shi ne riƙe tsofaffin kwafi. A maimakon manhaja ta goge ko ta danne fayil a masauki, sai a umarce ta ta matsar da shi zuwa wata folda ta daban mai ɗauke da kwanan wata. FreeFileSync na kiran wannan Versioning, rsync da rclone kuma suna da `--backup-dir`. Da wannan, ɗalibin can zai shiga foldar ranar Litinin ya ɗauko babinsa. Windows tun daga Windows 8 yana da File History, macOS kuma yana da Time Machine tun 2007, dukansu an gina su ne a kan riƙe tarihi. Masu harkar ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki yana wani gini dabam. Faifan da ke kwana cikin jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne ke ɗauke su tare.

Wane kuskure ne ya fi yin ɓarna?

Juya alkibla, wato sa tushe a gurbin masauki. Yakan faru ne a ranar da aka fi bukatar ajiyar: an sayi sabuwar kwamfuta ko an sake ɗora Windows, foldar takardu fanko ce, aka jona faifan ajiya, aka buɗe tsohon tsarin daidaitawa da aka saba latsawa kullum. Manhaja ta duba tushe ta ga babu komai, ta cika umarni, ta mayar da masauki babu komai. Na taɓa zama kusa da mai wani shagon buga takardu da wannan ya same shi, aikin shekaru na kwastomominsa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne manhajar ta nuna masa adadin fayilolin da za ta goge, ya latsa amincewa bai karanta ba. Ranar dawo da fayiloli a bar manhajar daidaitawa gefe, a kwafa da hannu daga faifan zuwa kwamfuta.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne sauyin harafin faifai. Windows yana raba haruffa gwargwadon abin da aka jona, saboda haka faifan da yake E: jiya zai iya zama F: yau idan wani ya riga ya soka filash ɗinsa, kuma tsarin da aka ajiye da harafin E: zai nufi filash ɗin baƙon. Ana maganin wannan da ba faifan ajiya harafi na dindindin daga can ƙarshen jerin haruffa, ko a kira shi da sunansa idan manhajar ta yarda da haka. A Linux kuma, faifan da kwamfuta ba ta buɗe ba yakan bar folda fanko a gurbinsa, rsync kuma zai ɗauke ta tushe na gaskiya, shi ya sa masu lura suke ƙara `--max-delete` domin aikin ya daina gogewa idan adadin ya wuce ƙima.

Masu rsync su kula da wani ɗan hakin da ake rainawa: sandar karkace a ƙarshen sunan tushe. `takardu/` na nufin abin da ke cikin foldar, `takardu` kuma na nufin foldar ita kanta, wadda za a ƙirƙira a cikin masauki.

Akwai hanyar ganin abin da zai faru kafin ya faru?

Akwai, kuma ita ce babbar fa'idar yin aikin a manhajar sarrafa fayiloli. Bayan kwatanci, kowane fayil yana fitowa da alama a gefensa: kibiya ga wanda za a kai, wata alama dabam ga wanda za a goge, kuma ana iya cire kowanne daga jerin kafin a fara. A fara duba adadin gogewa. Wanda ya san takarda biyu ya share a makon nan, ya ga an rubuta za a goge 4,000, ya san akwai magana. A umarnin rubutu, `--dry-run` na rsync da rclone, da `/L` na Robocopy, suna lissafa abin da za a yi ba tare da an taɓa komai ba.

Abin da aka goge yana zuwa kwandon shara?

Ba koyaushe ba. Robocopy da rsync ba su bi ta kwandon shara sam. Manhajoji masu taga sukan ba da zaɓi, amma Windows ba ya tanadar kwando a kan filash ko foldar da ke kan wata kwamfuta ta hanyar sadarwar ofis, don haka a can gogewa ta dindindin ce.

Na canza wa folda suna kawai, me ya sa ake sake kwafar komai?

Domin yawancin manhajoji da suna da wuri suke gane fayil. Idan "Hotuna" ta koma "Hotunan biki", abin da suke gani shi ne wata folda ta ɓace, wata sabuwa ta bayyana, sai su kwafi sabuwar daga farko su goge tsohuwar. FreeFileSync yana iya gane fayil da aka matsar ta hanyar wani ƙaramin kundin bayanai da yake ajiyewa a cikin foldar, amma wannan ba ya aiki a karon farko, kuma ya dogara da irin tsarin faifan. Dabara mai sauƙi ita ce a canza sunan da hannu a ɓangarorin biyu kafin a daidaita, musamman idan masaukin yana intanet kuma da kuɗin data ake biya.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki fa?

Tushe ba ya cutuwa, domin karanta shi kawai ake yi. A masauki, manhajoji masu kyau suna rubuta sabon kwafi da suna na wucin gadi, sai ya kammala su sauya masa suna ya maye tsohon. Haka rsync yake yi, haka ma FreeFileSync, wanda fayilolinsa na wucin gadi ke ƙarewa da `.ffs_tmp`. Ta haka ba a rasa tsohon kwafi saboda sabon da ya tsaya a rabi. Idan wuta ta dawo sai a sake kwatanci, aikin zai ci gaba da abin da ya rage. Haɗarin da ya fi girma yana kan tsarin faifan kansa, domin FAT32 da exFAT ba su da kundin da NTFS ke amfani da shi wajen gyara kansa bayan yankewar wuta. Mai kwamfutar tebur da ba ta da batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke ya sa Windows ta binciki faifan kafin ya ci gaba, sannan ya yi kwatancin abin da ke ciki sau ɗaya.

Wasu fayiloli sun ƙi tafiya. Mene ne dalili?

Idan babban bidiyo ne, a duba tsarin masauki: FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan filin da ya rage. Idan daga Linux ko waya aka ɗauko, a duba sunan, domin Windows ba ya karɓar alamomin `< > : " / \ | ? *` a cikin suna, kuma ya keɓe wasu sunaye irin su CON da NUL da PRN. Linux yana ɗaukar "Rahoto" da "rahoto" fayiloli biyu, Windows kuma ɗaya, don haka ɗayansu zai danne ɗaya ko a ƙi shi. Folda cikin folda mai zurfi kan ci karo da tsohuwar iyakar haruffa 260 ta tsawon hanya, wadda wasu manhajoji har yanzu ba su tsallake ba. Fayil da wata manhaja ta buɗe ta riƙe, kamar kundin wasiƙun Outlook, shi ma yakan ƙi, sai an rufe manhajar. A nan Robocopy yana da wani hali mai ban haushi: idan ba a faɗa masa ba, zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, saboda haka a riƙa ƙara masa `/R:2 /W:5` ko makamancinsu.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba su da matsala a NTFS ko exFAT ko tsarin Linux na yau. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsofaffin manhajojin dunƙule fayil da tsofaffin rubutattun umarni, waɗanda kan mayar da su alamar tambaya. Abin da ya fi yawan faruwa ma ya fi wannan sauƙi: ma'aikaci ɗaya ya rubuta "Ƙididdiga", wani ya rubuta "Kididdiga", ko kuma an rubuta "'yan makaranta" da waƙafin sama iri biyu da ido ba ya rarrabewa. A wurin manhaja waɗannan folda biyu ne daban, kuma madubi zai goge wadda babu irinta a tushe. Ofishin da mutane da yawa ke zuba fayiloli a wuri ɗaya ya tsayar da salon rubuta suna guda.

Zan iya daidaita hotunan wayata zuwa kwamfuta ta wannan hanya?

Za a iya, amma da sharaɗi biyu. Wayar Android da aka jona da kebul ba ta bayyana a matsayin faifai, tana magana ne ta wata hanya mai suna MTP, wadda ba ta ba da harafin faifai, tana da jinkiri, kuma ba koyaushe take riƙe kwanan watan fayil daidai ba. Robocopy ba ya ganin ta, FreeFileSync kuwa yana gani. Idan lokuta suna rikicewa, a kwatanta da girma kawai, ko a cire katin memori a sa a kwamfuta kai tsaye. Sharaɗi na biyu ya fi muhimmanci: a yi amfani da salon ƙari. Dalilin kwashe hotuna shi ne a samu damar share su daga wayar idan ta cika, kuma madubi zai bi sawu ya share su daga kwamfutar a karo na gaba. Manhajar Syncthing, mai daidaitawa tsakanin na'urori ba tare da rumbun wani kamfani ba, tana da folda mai aikawa kawai da mai karɓa kawai, amma ita ma tana isar da gogewa, don haka a kunna riƙe tsofaffin kwafi a ɓangaren mai karɓa.

Waɗanne fayiloli ya kamata a tsallake?

Tarkacen da na'ura ke ƙirƙira wa kanta: `Thumbs.db` da `desktop.ini` na Windows, `.DS_Store` na macOS, da fayilolin wucin gadi na Word da Excel masu farawa da `~$`. Idan tushe yana cikin foldar OneDrive, a lura cewa wasu fayilolin sunansu kawai ke kan kwamfutar, jikinsu yana intanet, kuma kwafar su zai sa a sauko da su duka, abin da kan cinye datar wata guda a zama ɗaya.

Ya fi kyau in sa ta riƙa aiki da kanta, ko in riƙa yi da hannu?

Aikin da ake jira a tuna da shi yakan sha mantuwa, don haka akwai hikima a sa shi kan jadawali ta Task Scheduler a Windows ko cron a Linux, ko a bar RealTimeSync, wanda ke zuwa tare da FreeFileSync, ya tayar da aikin da zarar an jona faifan ko an ga canji. Sai dai aikin da ke tafiya da kansa babu mai duba masa jerin kwatanci, kuma kusan duk kariyar da aka ambata a sama a kan wannan dubawa ta rataya. Saboda haka ni ba na sa madubi tsantsa a kan jadawali. Abin da nake bari ya tafi da kansa shi ne salon ƙari, ko madubi mai riƙe tsofaffin kwafi na aƙalla wata guda, tare da umarnin ya rubuta rahoton kowane aiki a fayil. Daidaitawar nan-take, wadda ke bin kowane canji cikin daƙiƙoƙi, ita ce mafi ƙarancin kariya daga kuskure, domin ba ta barin tazarar da mutum zai farga. Sau ɗaya a wata nakan buɗe rahoton in duba ko akwai fayilolin da suka daɗe suna ƙin tafiya, sannan in zaɓi takarda biyu ko uku daga masaukin in buɗe su a wata kwamfuta dabam in ga ko suna karantuwa.